Nauyin Aulis

Litinin 3 ga Nuwamba, da hantsi

Anneli ta zo ta tafi. Ita ce matar da hukuma ke aikowa ta duba ko gida zai iya riƙe majinyaci. Ta sha kofi, ta yaba burodina, sannan ta zaro tef ta auna ƙofar banɗaki da ta ɗakin kwana kamar za ta ɗinka musu riga. Injin ɗaga marar lafiya ba zai shiga ba. Ko ba ta auna ba na sani. Baban mijina Aulis ne ya gina gidan nan da hannunsa bayan yaƙi, shi kuwa siririn mutum ne mai rowar katako.

Ga hukuncin da ta bari. 'Yan matan jinya da ke zuwa safe da yamma doka ta hana su ɗaga mutum da hannu, tsakanin zuwansu kuma ni kaɗai ce a gidan. Za ta dawo ranar ɗaya ga Disamba. In na ɗauke mijina daga gado zuwa keken guragu, daga keke zuwa banɗaki, ni kaɗai a gabanta, ba tangaɗi, zai zauna a gidansa. In na kasa, akwai gado a gidan jinya na birni. Ta faɗi "akwai gado" ɗin nan da muryar mai albishir.

Ba ta taɓo abin da ya faru a banɗaki watan jiya ba, ni ma ba zan rubuta shi ba. Abin da zan ce kawai, 'yan kwana-kwana ne suka ɗaga shi daga ƙasa, ɗaya daga cikinsu kuma Aulis ne ya koya masa ɗaga ƙarfe. Tun ranar bai sake ambaton sunan mutumin ba.

Motarta na fita ya ce, "Tsohuwa, tura ni gareji."

Na ce, "Me ka ajiye a can?"

Ya ce, "Aikinki."

Litinin, da yamma

Shekara talatin da biyar ina share garejin nan, ban taɓa ɗaga komai a ciki ba sai tsintsiya. Ni kuku ce. Na dafa wa 'yan makaranta abinci har na yi ritaya, na dafa wa Aulis nasa na gasa tun gashinsa na baƙi. Ƙarfe nasa ne, tukunya tawa.

Ya kira Keijo a waya. Keijo abokin ɗaga ƙarfensa ne tun suna samari, shi ya yi waldar maratayin sandar ɗaga ƙarfe da benci, shi ya kwaso tabarmin roba daga garken shanun yayansa aka shimfiɗa a ƙasa, har yau in hita ta yi zafi garejin warin saniya yake. Ya shigo yana karkaɗe dusar ƙanƙara daga hula.

"To, shegen tsoho, an ce ka samu sabuwar ɗaliba?"

Aulis ya ce, "Rufe mana baki ka auna ni."

Keijo ya tura keken kan tsohon sikelin kulob ɗinsu, ya cire nauyin keken, ya ɗauki alli ya rubuta a bango: 78. Sannan suka loda mini sanda. Na sunkuya kamar mai ɗaukar tukunyar miya, Aulis ya daka mini tsawa har karenmu Jeri ya fita da gudu.

"Bayanki! Miƙe bayanki! Ba ɗagawa za ki yi ba, ƙasa za ki tura da ƙafa. Sandar ta goga ƙaurinki. Cika ciki da iska ki riƙe."

Na ɗaga kilo hamsin, sai da na ga taurari. Keijo ya rubuta 50 a ƙarƙashin 78. Aulis ya ce ranar da ta ƙasa ta kamo ta sama, Anneli sai dai ta nemi wani ta ba shi gadonta.

Laraba 5, bayan mun dawo daga asibiti

Ba na rubuta sunan ciwon. Ban taɓa ba.

Likita ta maimaita abin da ta faɗa tun bazara, wannan karon tana kallona. Kada ya rame. A wannan ciwon naman da ya zube ba ya komawa, kuma kowane kilo da ya tafi, da kwanaki yake tafiya. Ta rubuta masa kwalaben nan masu kauri na kemis, ta ce in ƙara man shanu a komai.

Duk wannan bayanin Aulis taga yake kallo.

Man shanu dai ba sai an koya mini ba.

Juma'a 7, da safe

Komai na jikina ciwo yake, har wurin da ban san ina da shi ba. Ya ce haka ake so.

Asabar 8, da yamma

Abin dariya, yanzu shi ke tsara mini abinci. Ƙwai da kunun hatsi da safe, kindirmo mai kauri bayan gareji, nama ko kifi kamar tafin hannuna sau biyu a rana, madara kafin kwanciya. Ni da na ciyar da yara ɗari uku kullum, wai ni ake koya wa cin abinci.

Ya ce, "A gareji rushe jiki ake yi. A tebur da gado ake gina shi. Ci."

Na ce, "Kai fa?"

Ya nuna mini farantinsa, tas. Na ji daɗi ƙwarai. Ya ce ya fi son in riƙa barinsa ya ci shi kaɗai, don ba ya son ina kallon yadda cokali ke rawa a hannunsa. Na fahimta. Yanzu in na ajiye masa sai in fita in ba shi wuri, Jeri ya zauna ya taya shi hira. Kare ba ya kallon hannun mutum.

Keijo ya zo ya hura sauna, ɗakin zafin nan da ake shiga a yi gumi, ya ɗauki Aulis ya shigar. Ina jin su suna musu a kan wata gasa ta shekara arba'in da ta wuce.

Talata 11, da hantsi

55. Bai ce komai ba, wato ya yaba.

Alhamis 13, da rana

Outi ta bugo waya. 'Yarmu ce, ita kaɗai, tana can kudu da aikinta da 'ya'yanta.

"Mama, shekarunki sittin da biyu. In bayanki ya tsinke fa? Sai mu samu majinyata biyu."

"Sai ki samu gado biyu, tunda an ce akwai gado."

"Ba wasa nake ba. Na je na ga wurin, yana da tsabta, akwai lambu."

"Akwai gareji?"

Ta ce in ba ta babanta. Ya karɓa ya ce, "Yarinya, uwarki ta ɗaga hamsin da biyar. Ke nawa kike ɗagawa? Jakar hannu?" Ta yi dariya tana kuka. Ba na ganin laifinta, tsoro take ji. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin nan in aka kai shi ɗakin da ba ya jin warin tsatsa, aka sa masa talabijin, ba zai kai Kirsimeti ba.

Keijo ya kawo wasu 'yan fayafayan ƙarfe ƙanana na sakawa a sanda, kowanne bai fi murfin kwalba ba. Wai in nauyi ya fara gardama da su ake lallaɓa shi. Ya kuma huda sababbin ramuka a bel ɗin fatar Aulis don ya kama ƙuguna. Da na ɗaura, Aulis ya juya kekensa ya ce zai duba hita. Hitar lafiyarta ƙalau.

Lahadi 16, da safe

60. Ya sa an cika buhu da yashi. Wai mutum ba shi da mariƙi kamar sanda, mutum lanƙwashewa yake yana zamewa. Na rungumi buhun daga benci zuwa kujera, daga kujera zuwa benci, har hannuwana suka daina jin maganata. Ya raɗa wa buhun suna Aulis Ƙarami. Ya ce ya fi babban sauƙin hali.

Jeri ya yi ƙiba. In ya hau matakala har nishi yake. Dole in rage masa abinci.

Laraba 19, da yamma

62 da rabi, da ƙyar. Na gwada 65 ta ƙi barin ƙasa, kamar an kafe ta da ƙusa. Na sake gwadawa, ko motsi. Na zauna a benci na kalli bango. Sama 78, ƙasa 62 da rabi, Disamba kuma ga ta nan a bakin ƙofa.

Na ce, "Ba zan kai ba."

Ya daɗe yana kallon lambobin, bakinsa na motsi kamar mai lissafi. Sannan ya ce, "Za ki kai. Je ki ci abinci."

Na yi fushi da shi, ban san dalili ba. Na so ya yi faɗa.

Alhamis 20, da rana

Wai in daina sa masa gishiri, yana ƙona masa maƙogwaro. Aulis da ke barbaɗa gishiri a kan kifin gishiri! Na daina.

Kuma wai Keijo ya hura sauna yau ma, zafi na sassauta masa ƙafafu. Sauna ranar Alhamis, mu da sai Asabar muke hurawa, sai ka ce gidan biki. Na ce itacen fa? Ya ce itace ba zai bi shi kabari ba. Ban son irin wannan maganar, na gaya masa.

Asabar 22, da safe

65 ta ƙi.

Asabar, da yamma

Sauna kuma. Sun daɗe. Da Keijo ya fito da shi fuskarsa ta yi fari, leɓɓansa sun bushe. Na kawo masa nono, ya kurɓa sau ɗaya ya ce ya isa.

Ya miƙo mini ɗaya daga cikin kwalabensa na kemis. "Shanye. Abin da ke ciki shi ne garin da 'yan ƙarfe ke saye da tsada. Na sha biyu yau, ta ukun ta yi mini yawa." Na shanye. Zaƙi kamar alewar yara.

Ya sa Keijo ya sayo masa alewa mai tsami, yana tsotsa yana tofarwa a gwangwani. 'Yar jinyar yamma ta ce yawu na daga cikin abin da ciwon ke kawowa. To.

Litinin 24, da hantsi

65 ta taso! Da 'yan fayafayan Keijo muka lallaɓo ta, sannu ba ta hana zuwa. Na yi ihu har Jeri ya yi haushi. Aulis ya ce bayana ya ɗan lanƙwashe, amma ya ƙirga.

Keijo ya auna shi ina kicin. Da na dawo na ce nawa? Keijo ya ce, "Yana nan yadda yake," yana kallon takalminsa.

Talata 25, da yamma

Zobensa ya faɗo a kan bargo. Ya ce sanyi ne ke sa yatsa ya motse.

Farantinsa dai tas yake dawowa. Kullum tas.

Maganarsa tana nauyi in rana ta faɗi, rana kuwa yanzu tun ana cin abincin rana take shirin faɗuwa. Na gaji da duhun nan. Na gaji da ƙwai. Na gaji da jin "bayanki".

Alhamis 27, da safe

70. Faifai manya biyu, matsakaita biyu. Na riƙe ta a tsaye har sai da ya ce ajiye. Na rubuta da kaina a bango. Saura takwas, Litinin kuma Anneli za ta zo.

Na ce gobe mu ƙara. Ya ce a'a, an gama. Kafin gasa hutawa ake yi, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga yau sai buhu kaɗan da barci.

Na ce, "Takwas ɗin fa?"

Ya ce, "Ƙafafuna za su ɗauki takwas."

Ƙafafun da ba sa ɗaukar silifa.

Asabar 29, da rana

Ban kwana da daɗi ba. Ina ta ɗaga shi a mafarki yana zamewa.

Jeri ya yi amai a zaure. Miyar kifi ce, da man shanu a kai. Ban ba kare miyar kifi ba.

Na goge.

Lahadi 30, da la'asar

Zan rubuta wannan a hankali, don in na yi sauri zan yaga takardar.

Da safe ya ce in aske masa gemu, in rage masa gashi, in yanke masa farce. Na ce don Anneli ake wannan kwalliyar? Ya yi murmushi. Ina cikin askin ya ce, "In kin gama ki dafa dankali da ɓawonsa, ki fito da kifin gishiri, da baƙin burodi da man shanu, da nono kwalba ɗaya. Ki jera a kwandon nan mai murfi. Gobe tana fita ki kawo mini."

Aska ta tsaya a hannuna.

Na san kwandon nan. Na jera shi ya fi a ƙirga. Shi nake riƙewa a bakin ɗakin awo a duk gasar da ya shiga, ina jira ya sauko daga sikeli ya faɗa masa kamar kura. A lokacin Aulis a gida nauyinsa casa'in ne, amma a ajin da ke ƙasa yake gasa, don haka kafin kowace gasa sai ya sauke nauyi. Ya bar gishiri. Ya rage ci. Ya kwana a sauna. Ya tsotsi alewa mai tsami ya tofar da yawu a gwangwani. Ana gobe awo ya aske gemu ya yanke farce, suna dariya da Keijo wai ko gashi nauyi ne.

Duk na sani. Ni na fi kowa sani. Makonni ina kallon abin nan guda-guda a gabana ina ce masa ciwo.

Ban share masa kumfa ba. Na tura keken gareji, yana cewa "Sirkka, Sirkka," na yi kunnen uwar shegu da shi. Na hau da shi sikeli, na cire nauyin keken kamar yadda Keijo ke yi.

Saba'in. Daidai da abin da na ɗaga ranar Alhamis.

Na kalli 78 ɗin da ke bango na kalle shi. Rabin fuska da kumfa, wuya kamar na kaza. Ban san yaushe wuyansa ya koma haka ba. Kullum a cikin rigar sanyi yake, kullum kuma ni lambata nake kallo.

Ya ce, "Kin hau, na sauko, mun haɗu. Ƙarfe ɗaya ba ya amo."

Na ce, "Karen ka riƙa ba abincina?"

"Ya yaba ƙwarai."

"Kada ka yi mini wasa, Aulis! Ka ji abin da likita ta ce?"

"Likita ta taɓa hawa sikelin gasa? Takwas ne fa, tsohuwa. Rabinsa ruwa ne. Na sha sauke takwas in mayar kafin mako ya zagayo, ke ce shaida. Gobe tana fita zan ci. Ki dai dafa dankalin."

Keijo ya shigo a kan gaɓa, wai ya zo hura sauna. Na wanke shi tas. Na ce masa munafuki, na ce masa tsohon banza, na ce da shi aka haɗa baki ana kashe mini miji a bayan gidana. Ya cire hula ya riƙe.

"Haba Sirkka, kisa kuma? Sauke nauyi ne kawai. Sau nawa muka yi? Ya ce mini kada in gaya miki don kada hankalinki ya rabu. Ranar Laraba za ki ga ya cika."

Na ce, "Ya gaya maka a ciwon nan abin da ya zube ba ya dawowa?"

Keijo ya juya ya kalli Aulis. Aulis ya kalli hita.

Keijo ya zauna a kan Aulis Ƙarami, ya ce, "Kai ɗan iska. Kai ɗan iska."

Lahadi, da almuru

Ba a hura sauna ba. Na ba shi ruwa da cokali ina tsaye a kansa, ya sha kaɗan.

Zan iya buga wa likita. In na buga, gobe motar asibiti ce za ta zo, ba Anneli ba, daga asibiti kuma na san inda ake wucewa. Na ɗauki wayar na ajiye. Ya biya kuɗin abin nan da naman jikinsa, in na fasa yanzu ya biya a banza.

Na tsane shi yau. Na dafa dankalin.

Litinin 1 ga Disamba, da rana

Anneli ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki da takardarta.

Na ɗaura bel a ƙarƙashin rigar sanyi. Na zaunar da shi a bakin gado, na sa gwiwoyina a nasa, na zagaya hannu ta bayansa. Ya raɗa mini a kunne, "Iska. Tura ƙasa." Na tura.

Ya taso. Ya fi buhun sauƙi. Na ji haƙarƙarinsa ɗaya-ɗaya a hannuna.

Gado zuwa keke, keke zuwa banɗaki, banɗaki zuwa keke. Ba tangaɗi. Anneli ta ce ba ta taɓa ganin mace mai shekaruna ta yi shi da tsabta haka ba, wa ya koya mini? Aulis ya ɗaga yatsa.

Ta ce zai zauna a gida. Ta ce za ta sa mu a layin masu faɗaɗa ƙofa, wataƙila zuwa bazara. A zaure ta rage murya ta ce, "Kamar ya faɗa, ko? Ki gaya wa likita." Na ce ciwon ne.

Litinin, da yamma

Ko motarta ba ta bar layi ba ya buga hannun keke. "Kwando!"

Na kawo. Keijo ma ya zo ya raɓe a bakin ƙofa, na ƙyale shi. Aulis ya sa na ɓare dankali, na shafa man shanu, na ɗora kifi a kai. Idonsa har ƙyalli yake. Ya ce, "Keijo, kalli yadda ake mayar da kilo takwas."

Ya tauna. Ya tauna. Ya yi ƙoƙarin haɗiyewa.

Ba zan rubuta tarin ba. Keijo ya riƙe shi ta gaba, ni ina bugun baya. Da abin ya lafa, hawaye na zuba a fuskarsa saboda tarin, ya ce a ba shi nono. Nonon ma ya biyo ta hanci.

Ya kalli kwandon, ya kalle ni. Shekara talatin da biyar ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba, ko a ƙarƙashin sanda, ko ranar banɗaki. Yau na gani.

Jeri na zaune ƙarƙashin tebur yana jira.

Laraba 3, da safe

Laraba ce. Bai cika ba.

Juma'a 5, da rana

Likita ta zo gida. Ta ce maƙogwaron ya daɗe yana raunana, ramar ta ƙarasa shi da wuri. Ta tambayi yadda aka yi ya zube haka a wata ɗaya. Ta yi maganar tiyon abinci da za a sa masa ta ciki, amma ta ce sai numfashinsa ya yarda, kuma ba ta ce zai yarda ba.

Yanzu komai niƙawa nake, in tace, in kaɗa da man shanu. Cokali huɗu, biyar, ya gaji. Ni da na ciyar da yara ɗari uku.

Outi za ta zo ranar Asabar. Ban san me zan ce mata ba.

Litinin 8, da yamma

Ina goge masa baki ya riƙe hannuna. Maganar ta fito da ƙyar, sai da na sunkuya.

"Na ji likitar, Sirkka. Ranar nan. Taga nake kallo, ba kurma ba ne ni."

Na ce, "To don me?"

"Na ɗauka jikina zai ji maganata. Kullum yana ji."

Na ce masa hali zanen dutse. Na ce masa wawa. Ya ce e. Na kwantar da kaina a gwiwarsa, ba nama a wurin, ƙashi ne kawai.

Alhamis 11, da safe

Keijo kullum sai ya zo ya fasa itace. Itacen ya kai rufi, ba mai hura sauna. Ba ya shigowa sai na kira shi. Jiya na ba shi kofi.

Jeri ya fara ramewa.

Litinin 15 ga Disamba, da hantsi

Ya ce in tura shi gareji. Na ce an gama gasa. Ya ce ɗan ƙarfe ba ya barin sanda don an gama gasa, kuma har yanzu ni ke ɗaga shi sau shida a rana, in na saki jiki bayana zai tafi.

Na lulluɓe shi da bargo biyu, na kunna hita. Ya ce in auna shi, gaskiya wannan karon. Na auna. Sittin da bakwai da rabi.

"Loda sandar daidai da ni."

Saba'in ɗin ranar Alhamis ɗin nan na kanta, ban taɓa ta ba. Na sauke matsakaitan, na haɗa da 'yan fayafayan Keijo har lissafi ya fito. Don ƙari ya kawo su.

Na shafa alli, na cika ciki da iska, na tura ƙasa. Ta taso ba gardama.

Ya ce, "Bayanki ya yi kyau. Kin yi ƙarfi, tsohuwa."

Na ce, "Na yi ƙarfi."

Ya ce in share bangon, lambobin nan biyu sun gama aiki. Na share da hannun riga. Lamba ɗaya za a riƙa rubutawa yanzu, tawa ce kuma tasa ce. Na ɗora alli daidai ƙirjina zan rubuta, ya ce a'a.

"Can sama. Ki bar wuri a ƙasa."